Gani bai kori ji ba: tarihin hoton ƙirji, daga Abadiya zuwa Gadarif

 Wannan shi ne shirinmu na tarihi kamar yadda muka saba sa shi a takarda, domin wanda kiwo ko kasuwa ta hana shi ji ya samu ya karanta, ko a karanta masa.

Batunmu na yau shi ne baƙar takardar nan mai sheƙi da ake ba mutum a asibiti cikin babban ambulan, wadda a Larabcin nan ake kira ashi'a, mu kuma mu ce hoton ƙirji. Da yawanmu mun taɓa riƙe ta. Mutum ya yi tari ya ƙi ƙarewa, ya sayar da akuya ya shigo gari, aka ɗauke shi hoto, likita ya ɗaga takardar ya duba a haske ya ce masa tarin fuka ne. Ya tsallaka iyaka ya nuna wa wani likita, wancan ya ce tsohon tabo ne, ba kome. To wa zai gaskata? Irin wannan saɓani ya tsufa, tare da hoton aka haife shi, kuma wanda ya san tarihinsa ya fi sanin yadda zai yi idan abin ya zo kansa.

Makiyayi ya riga likita ganin huhu

Kafin a san wata na'ura, masu karanta huhu a ƙasashenmu su ne makiyaya da mahauta. Baffa da ya tsufa cikin shanu, idan aka yanka saniya mai ciwon huhu aka buɗe ƙirjinta, kallo ɗaya ya ishe shi. Ya san huhun da ya yi tauri ya manne da haƙarƙari, ya san ruwan nan rawaya da ke taruwa a gefensa. Mahaucin raƙuma ya san jakar ruwan nan mai kama da ƙwai da ake tararwa cikin huhu ko hanta. Fulanin Afirka ta Yamma har rigakafi suka ƙirƙiro: a yanki ɗan guntun huhun da ciwon ya ci, a tsaga fatar karan hancin saniya mai lafiya a cusa. Turawa sun tarar da wannan dabara suka rubuta ta, kafin allurar likitocin dabbobi ta maye gurbinta.

Sai dai duk wannan ilmi bayan yanka ake samunsa. Ɗan Adam kuwa ba a buɗe shi a duba. Don haka likitocin da, irin su Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, da tambaya da kallon kaki da zazzaɓi da ramewa suke gane ciwon da Larabawa ke kira sull.

A 1761 wani likita a Biyena ta ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya wallafa wata dabara da kowane ɗan kasuwa zai gane ta nan take. Yadda kake ƙwanƙwasa duron mai ka san inda man ya tsaya, haka ya riƙa ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa. Inda iska take sai ya yi amo kamar ganga, inda ruwa ya taru sai amon ya dushe. A 1816 kuma René Laennec a Paris ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin majiyyaciya, ya ji bugun zuciya ya fito sarai. Daga nan aka samu abin sauraren ƙirjin da likita ke ratayawa a wuya har yau. Shi kansa Laennec tarin fuka ne ajalinsa a 1826, yana ɗan shekara 45.

Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar a Balin cewa ya ga ƙwayar da ke haddasa tarin fuka a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Shi ya sa ake tuna ranar 24 ga Maris kowace shekara. Ku riƙe wannan shekara da kyau, jama'a. An ga ƙwayar cutar shekara 13 kafin a ga hoton huhu, kuma har gobe ƙwayar ce shaida, hoton mai nuni ne.

Hasken da ba a san sunansa ba

Ranar 8 ga Nuwamba 1895, a garin Wurzburg na Jamus, malamin kimiyya Wilhelm Rontgen yana gwaji da wata kwalbar lantarki a ɗaki mai duhu, sai ya ga wani allo yana ƙyalli alhali ya rufe kwalbar da baƙar takarda. Wani haske ne da ido ba ya gani, mai ratsa takarda da katako da nama, amma ƙashi da ƙarfe su tare shi. Da yake bai san ko mene ne ba, ya sa masa harafin X, kuma daga nan kalmar eksire ta samo asali. A watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsu da zobenta suka fito. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar fiziks. Tun cikin 1896 wani likita a Boston ta Amurka, Francis Williams, ya fara haska ƙirjin masu tarin fuka yana kwatanta abin da ya gani da abin da kunnensa ya ji.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan na'ura ta shigo Sudan tun da wuri, kuma yaƙi ne ya kawo ta. A 1898, lokacin da Kitchener ya taso wa Khalifa Abdullahi, wani likitan sojan Ingila, Manjo John Battersby, ya kafa na'urar a asibitin sansani da ke Abadiya, a bakin Nilu kusa da Barbar. Babu wutar lantarki, sai aka ɗaura ƙaramin injin wuta a jikin keke mai mazauni biyu, mutum biyu su hau su yi ta tuƙawa cikin zafin nan don a cika batura. Bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba, an kai sojojin Ingila 121 da suka ji rauni Abadiya. A jikin 21 daga cikinsu likitoci sun kasa gano inda harsashi ya maƙale, hoto ya nuna shi a jikin 20. Ansar kuwa, waɗanda aka kashe musu mutum fiye da 10,000 a wuni guda, masu rauninsu ba su ga wannan na'ura ba. Kwana 20 bayan Karari, ranar 22 ga Satumba, rundunar da ta taso daga Kassala ta shigo Gadarif ɗinmu.

Wato na'urar ta riga kakannin da yawa daga cikinmu isowa bakin Nilu, domin sai bayan yaƙin Burmi na 1903 ne Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yo gabas da jama'arsa har suka zauna kusa da Sennar. Amma daga shigowar na'ura zuwa ranar da talaka zai tsaya gabanta, an ɗauki shekaru masu yawa. Makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum sai a 1924 aka buɗe ta. Asibitocin da suka yi suna a ciwon ƙirji, irin su Abu Anja a Umdurman da Al-Sha'ab a Khartum, duk a babban birni suke. Mutumin Gallabat ko na bakin Rahad sai ya yi tafiya mai nisa kafin a ga huhunsa.

Gano harsashi abu ne mai sauƙi, ƙarfe ne, fari fat yake fitowa. Huhu kuwa nama ne mai taushi cike da iska, kuma karanta shi ya ba likitoci wuya fiye da yadda suka zata.

Abin da likita ke gani

Hoton ƙirji inuwa ce. Hasken yana shiga ta baya ya fita ta gaba, duk abin da ya tare shi ya bar fari a takarda. Iska ba ta tare shi, don haka lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa, da 'yan zare-zaren jijiyoyin jini a ciki kamar rassan bishiya. Ƙashi fari ne. Zuciya da ruwa da mugunya da ƙari duk fari-fari suke. Ka ga inda wahalar take ke nan: ruwa da mugunya da jini da ƙari kusan launi ɗaya gare su. Kamar ka tsaya a wajen tanti da dare, fitila na ciki, kana ganin inuwar mutum a jikin tantin. Ka san akwai mutum, amma ko baƙo ne ko ɗan gida, sai ka yi magana da shi.

Likita yana kallon takardar kamar mutum na fuskantarsa, wato damarka tana hagunsa. Yakan kwatanta ɓangaren dama da na hagu, daga sama zuwa ƙasa. Yakan auna zuciya, wadda bai kamata fāɗinta ya wuce rabin fāɗin ƙirji ba. Yakan duba kusurwoyin nan biyu na ƙasa, inda huhu ya haɗu da shimfiɗar da ta raba ƙirji da ciki. A mai lafiya kusurwar tana da tsini. Idan ta dushe ta yi fari, ruwa ne ya taru a rigar huhu, kuma sai ya kai kimanin mililita 200, kusan cikin kofin ruwa ɗaya, kafin ya nuna a hoton da aka ɗauka ta gaba.

Tarin fuka, wanda asibitocin nan ke rubutawa daran, a jikin baligi ya fi son saman huhu, wajen ƙashin wuya. Can ake ganin gizagizai fari, wani lokaci da kogo a ciki, wato zobe fari mai baƙin tsakiya, inda cutar ta cinye nama mutum ya tofar da shi cikin kaki. Mai kogo shi ya fi yaɗa cuta ga iyalinsa. A yara ƙanana ba a cika ganin kogo ba, sai kumburin ƙululun da ke tsakiyar ƙirji. Akwai kuma nau'in da ke bin jini ya watsu ko'ina, hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a kan baƙar tabarma. Likitocin Turai ma da sunan gero a harshen Latin suka raɗa masa suna. Wannan na gaggawa ne.

Limoniya, ciwon huhun nan mai zazzaɓi na kwana biyu zuwa uku, yakan cika yanki guda na huhu da fari, kuma inuwarsa takan daɗe har makonni bayan mutum ya warke. Idan huhu ya huje iska ta taru a gefensa, kamar bayan faɗuwa daga mota ko sukan ƙaho, wurin yakan yi baƙi ƙirin ba zaren jijiya ko ɗaya. Dattijo mai haki da kumburin ƙafa, hotonsa kan nuna zuciya ta yi girma ruwa ya jiƙa huhu biyun, alhali ciwon na zuciya ne. Ƙarin daji kuma yakan fito kamar dunƙule.

Akwai inuwa biyu da suka shafe mu fiye da mutanen birni. Ta farko ita ce jakar ruwan nan da mahauta suka sani a huhun raƙumi da tumaki. Tsutsa ce da ke zaune a hanjin kare. An yanka dabba an jefa wa kare huhu mai jaka, kare ya ci, ƙwan tsutsar ya fita cikin kashinsa ya shiga ciyawa da ruwa da hannun yaro. A jikin mutum jakar takan yi shekaru tana girma a hanta ko huhu, a hoto ta fito zagaye sumul kamar lemo. Maganin tarin fuka ba ya taɓa ta, galibi aiki ake yi a cire. Likitan da bai san kana zaune da karnuka da raƙuma ba yana iya ɗaukar ta wani abu dabam.

Ta biyu ita ce ƙurar dutse. Tun da samarinmu suka bazama neman zinariya a Butana da jihar Kogin Nilu da tsaunukan Bahar Maliya, da yawa sun yi watanni cikin rami ko gaban injin niƙa dutse ba ruwa. Ƙurar takan zauna a huhu ta bar ɗigo-ɗigo, galibi a sama, masu kama da na tarin fuka ƙwarai, kuma tana iya bayyana shekaru bayan mutum ya bar aikin. Wannan ma tsohon labari ne: a mahaƙan zinariyar Afirka ta Kudu an yi fama da shi sosai, har aka yi taron duniya a kansa a Johannesburg a 1930, daga baya Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da hotunan misali don likitoci su riƙa kwatantawa. Huhun da ƙura ta ci ba ya komawa yadda yake, kuma tarin fuka ya fi saurin kama shi. Don haka mai zinariya yana iya ɗauke da ɗaya, yana iya ɗauke da duka biyun, hoto kaɗai ba zai raba ba.

Sannan akwai tabo. Cutar da ta warke tun ƙuruciya takan bar ɗigo fari mai tauri ko zare a saman huhu har mutuwa. Samarin da ke neman aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Khalij sun san wannan, domin gwajin lafiyar tafiya yana haɗawa da hoton ƙirji, kuma tabo kan tsayar da mutum alhali lafiyarsa ƙalau.

Ga kuma akasin haka. Hoto yana iya fitowa fes alhali mutum na ɗauke da tarin fuka, musamman wanda cuta mai karya garkuwar jiki ta raunana. Haka nan a yankinmu na bakin Atbara da Rahad, inda kala'azar ta yi kaka-gida, mutum kan yi doguwar zazzaɓi da ramewa har da tari, a ɗauki hoto a ga ba kome, ciwon yana saifa, gwajin jini ne zai nuna shi.

Lokacin da aka dogara da hoto, da lokacin da aka ja baya

A 1936 wani likitan Barazil, Manuel de Abreu, ya fito da hanyar ɗaukar ƙaramin hoto mai arha. Daga nan ƙasashe suka ɗora na'ura a manyan motoci suna bin masana'antu da barikoki da unguwanni, suna ɗaukar miliyoyin mutane. An yi zaton an gama da tarin fuka: a ɗauki kowa, a ware mai inuwa. Magunguna ma suka fara samuwa, streptomycin a 1943, isoniazid a 1952. A gwajin streptomycin da aka wallafa a Ingila a 1948, likitocin hoto sun riƙa jera hotunan majiyyaci na wata da watanni suna kwatantawa, ba tare da an gaya musu wa ya sha magani wa bai sha ba, don kada zuciya ta ja ido.

Suna da dalilin wannan taka-tsantsan. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1947, da waɗanda suka biyo bayansa, sun ba ƙwararru hotuna iri ɗaya su karanta. Aka tarar ƙwararre kan tsallake kusan 30 cikin 100 na hotunan da ke da alamar cuta. Aka ɓoye hoto na ɗan lokaci aka sake ba mutum guda, sai ya saɓa wa maganarsa ta farko a kusan 1 cikin 5. Waɗannan manyan malamai ne a manyan asibitoci, da wuta da na'ura mai kyau. To ka ga idan likitan Gadarif da na Matamma suka saɓa a kan takarda ɗaya, ba lalle ne ɗayansu ya yi ha'inci ko jahilci ba, haka inuwa take.

A 1974 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a daina yawo da motocin hoto ana ɗaukar kowa da kowa. Abin yana cin kuɗi, ana ba masu tsohon tabo magani ba dalili, masu yaɗa cutar kuwa galibi su ne masu tari da ke zuwa asibiti da ƙafarsu. Aka koma ga gadon Koch: a karɓi kaki, a rina shi, a duba ƙwayar a madubi. A kan wannan aka gina tsarin shan magani a gaban ma'aikacin lafiya, wanda Karel Styblo ya gwada a Tanzaniya, kuma Sudan ta ɗauke shi a shekarun 1990 bayan Hukumar ta ayyana tarin fuka a matsayin annobar gaggawa ta duniya a 1993.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Ƙasashe sun yi ƙidayar masu cutar gida-gida, Habasha a 2010 zuwa 2011, Nijeriya a 2012, Sudan a 2013 zuwa 2014. Irin waɗannan ƙidaya a Afirka da Asiya sun nuna cewa kusan rabin waɗanda aka samu ƙwayar a kakinsu ba su kawo kukan doguwar tari ba, hoto ne ya fara nuna su. Sai hoto ya dawo da martabarsa, amma a sabon matsayi: shi ne mai tsaye a ƙofa yana nuna wanda za a gwada, kaki ne mai yanke hukunci. A 2010 Hukumar ta amince da na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗi ko tana jin babban maganin nan rifampicin. A 2021 ta amince kwamfuta ta riƙa karanta hoton ƙirji don tantance 'yan shekara 15 zuwa sama a inda likitan hoto ya yi ƙaranci. Yanzu akwai na'urar da ake goyawa a jaka, a Kano har a mota an yi yawo da na'urar hoto unguwa-unguwa. Ita ma kwamfutar maki kawai take bayarwa, ta ce wannan a gwada kakinsa.

Abin da ya rage gare mu

Mu nan mutanen tafiya ne. Damina ta yi a hau Butana, rani ya yi a gangaro Rahad da Atbara da Setit. Lokacin yankan riɗi dubban ma'aikata su tsallako daga Habasha, a kwana ɗaki ɗaya. Tun 2020 ga 'yan gudun hijira a Um Rakuba, da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma sai Gadarif ta cika da 'yan uwan da suka baro Khartum da Madani, asibitocin babban birni da yawa suka tsaya. Cunkoso abokin tarin fuka ne, kuma mai yawo shi ya fi faɗawa hannun likitan da bai taɓa ganinsa ba. Don haka ga abin da tarihin nan ya koya mana.

Tarin da ya kai mako biyu, ko kaki da jini, ko zufar dare da ramewa, a je asibiti. Idan an ce an ga inuwa, ka tambaya cikin ladabi: likita, za a gwada kaki? Kada ka shiga maganin wata shida daga kantin magani saboda wani ya kalli takarda a bakin kasuwa. Idan kuma hoto ya fito fes amma jiki bai daina ba, ka koma.

Ka ba likita labarinka ko bai tambaya ba. Ka gaya masa ka yi shekara biyu a ramin zinariya, ko kana aikin sussuka da ɗurin dawa cikin ƙura, ko kuna da karnuka da raƙuma, ko kuna shan madara ba tafasawa, domin tarin fukan shanu yana bin ɗanyar madara kuma hoto ba ya bambanta shi da na mutane. Iyayenmu mata su faɗi shekarun da suka yi suna girki cikin hayaƙi a ɗaki. Ka faɗi ko ka taɓa shan maganin tarin fuka, da ko ka gama.

A ɗakin hoto, a cire laya da sarƙa da tsabar kuɗi da waya. Mai dogon kitso, mace ko namiji, a ɗaure shi sama, domin jelar kitso kan sauka a saman huhu ta yi inuwa kamar cuta. Idan an ce ja numfashi ka riƙe, ka cika ƙirji sosai, domin huhun da bai cika ba fari-fari yake fitowa. Hasken da hoto ɗaya ke bari a jiki kaɗan ne, kwatankwacin wanda mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan kwanaki, amma mai juna biyu ta faɗa kafin a ɗauka.

Babban abu kuma, Alhaji, Hajiya, ku adana tsohon hoto yadda kuke adana takardar filin gona. A bar shi a ambulan ɗinsa, kada a naɗe, a nisanta shi da rana da laima, a tabbata kwanan wata na jiki. A ɗauke shi a waya ma don ajiya, ko da yake na waya ba ya kai asalin fitowa. Inuwar da take nan shekara uku ba ta motsa ba, likita zai fi karkata ga tabo. Wadda babu ita bara ga ta bana, ita ce abin bincike. Likitan Matamma ko na Kassala ba shi da hanyar sanin wannan sai ka miƙa masa takardar.

Idan kaki ya tabbatar da tarin fuka, magani wata shida ne, wata biyu na farko da magani huɗu, wata huɗu da magani biyu. Tari kan lafa cikin makonni, a nan ne mutane ke ɗaure kaya su bi shanu su bar sauran. Ƙwayar da aka bari da rabin rai ita ce ke dawowa ba ta jin magani. Kafin ka tashi, ka je inda kake karɓa ka gaya musu inda ka dosa, a rubuta maka takardar canjin wuri, ka tafi da katinka. A kai yaran gida da matar gida a duba su. Huhun dabba mai jakar ruwa kuma a ƙone shi ko a binne da zurfi, kada a jefa wa kare.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kasuwar shanu haka ne. A ɗakin likita kuwa, shekara fiye da 120 tun keken Abadiya, har yanzu sai an haɗa abin da ido ya gani a takarda da abin da kunne ya ji daga bakinka, sannan kaki ya ba da shaida.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko tarihin layin dogon da ya iso Gadarif daga Kassala da yadda ya sauya cinikin dawa da riɗi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare matafiya da dukiyarsu.